Siyasar Jinsi da Fafutukar Mata a Zamanin Koma-bayan Dimokuraɗiyya

Siyasar jinsi ita ce takaddamar da ake yi a kan matsayin mata da maza a cikin mulki da doka: wa zai zauna a majalisa, wa zai shiga makaranta ya nemi aiki, wa ke da ta cewa a kan aure da haihuwa, kuma wace hukuma ce za ta tsaya wa wanda aka zalunta a cikin gidansa. Fafutukar kare haƙƙin mata babban reshe ne na wannan takaddama. Tun daga wajen 2010 masana kimiyyar siyasa suka fara nazarinta tare da wani al'amari da ya taso a lokaci guda, wato raunin da dimokuraɗiyya ke yi a ƙasashe da dama da sake ɗagowar mulkin kama-karya. Abin da ya haɗa batutuwan biyu shi ne, a galibin wuraren da mai mulki ya fara danne kotu da jarida da 'yan adawa, ba a daɗewa sai hannunsa ya kai ga dokokin da suka shafi mata da kuma ƙungiyoyinsu.

Yadda aka zo nan

Shekarun ƙarshen ƙarni na 20 da farkon na 21 sun kasance lokacin samun nasara a kan takarda. A 1979 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kawar da duk wani nau'in wariya ga mata. A 1995 ƙasashe 189 suka sa hannu kan tsarin aiki na taron Beijin. A 2000 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙudiri mai lamba 1325 kan shigar da mata cikin sasanta rikici, sannan a 2003 Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka. Kujerun mata a majalisun dokokin duniya sun tashi daga kusan kashi 11 cikin 100 a 1995 zuwa kusan kashi 27 a 2025, bisa alƙaluman Ƙungiyar Majalisun Dokokin Duniya.

Ana cikin haka sai iskar ta juya. Ƙungiyar Freedom House ta ce tun daga 2006 kowace shekara ƙasashen da 'yanci ya ragu a cikinsu sun fi waɗanda ya ƙaru yawa. Cibiyar V-Dem ta Jami'ar Gothenburg da ke Suwidin ta ƙiyasta a rahotonta na 2025 cewa kashi 72 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ne a ƙarƙashin wani nau'i na kama-karya. Kama-karyar wannan zamani sau da yawa da ƙuri'a take shigowa. Mutum ya ci zaɓe, ya cika kotu da mutanensa, ya sauya dokar zaɓe, ya matse kafafen yaɗa labarai, har a wayi gari zaɓe yana nan amma babu mai iya kayar da shi. A Maris 2025 hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa kusan ɗaya cikin huɗu na gwamnatocin duniya sun amsa da bakinsu cewa haƙƙin mata yana fuskantar koma-baya a ƙasashensu.

Abin yana da tsohon tarihi. Musolini ya ɗora haraji a kan gwauraye a Italiya a 1927 don a yawaita haihuwa. Gwamnatin Hitila ta ƙirƙiro lambar yabo a 1938 ga uwar da ta haifi 'ya'ya huɗu ko fiye. A Sifaniya ta Janar Franco, matar aure ba ta iya kama aiki ko buɗe asusun banki sai da iznin miji, kuma dokar ta kai har 1975. A Romaniya, Ceaușescu ɗan gurguzu ya haramta zubar da ciki a 1966 domin ƙara yawan ma'aikata, dubban mata suka mutu a hannun masu yi a ɓoye, gidajen marayu suka cika. Aƙidun waɗannan shugabanni sun yi hannun riga, amma dukkansu sun ɗauki mahaifar mace a matsayin kadarar gwamnati.

Kotu da farko, sannan mata

Ƙasar Polan ce ta fi nuna yadda tsarin ke aiki daki-daki. Jam'iyyar PiS ta ci zaɓe a 2015, kuma abu na farko da ta sa a gaba shi ne kotun tsarin mulki: aka ƙi rantsar da alƙalai uku da tsohuwar majalisa ta zaɓa, aka naɗa wasu a gurbinsu. A 2016 aka kawo ƙudirin haramta zubar da ciki baki ɗaya. Ranar Litinin 3 ga Oktoba mata suka ƙi zuwa aiki da makaranta, suka fito cikin baƙaƙen kaya da lema a hannu saboda ruwan sama, a manyan birane da ƙananan garuruwa. Bayan kwana uku majalisa ta yi watsi da ƙudirin. To amma abin da ya gagara a majalisa sai aka bi da shi ta kotun da aka riga aka gyara. Ranar 22 ga Oktoba 2020 kotun ta soke dalilin da fiye da kashi 90 cikin 100 na zubar da cikin da doka ta halatta ke dogara a kai, wato mummunar nakasar ɗan tayi. Zanga-zangar da ta biyo baya ita ce mafi girma tun faɗuwar gurguzu a 1989, amma babu wata hukuma da ta rage da za a kai wa ƙara.

Ya dace a tsaya a nan a bambance abu biyu. Zubar da ciki batu ne da mutane masu hankali da imani suka rabu a kansa, kuma akwai masu adawa da shi da dama da ke ƙaunar dimokuraɗiyya tsakani da Allah. Abin da masu nazarin kama-karya ke dubawa a Polan shi ne hanyar da aka bi: hukuncin da wakilan jama'a suka ƙi yankewa, an yanke shi ta hannun alƙalan da ake jayayya kan halaccin naɗinsu. PiS ta rasa mulki bayan zaɓen Oktoba 2023 wanda kusan kashi 74 cikin 100 na masu zaɓe suka fito, mata da matasa a gaba. Duk da haka hukuncin bai tashi ba, kuma a Yuli 2024 wani ƙudiri na sassauci ya faɗi a majalisa da 'yan ƙuri'u kaɗan. Rushe hukuma ya fi gina ta sauƙi nesa ba kusa ba.

A Turkiyya ma haka aka yi, sai dai cikin dare ɗaya. A birnin Istanbul ne aka buɗe yarjejeniyar Majalisar Turai ta yaƙi da cin zarafin mata a 2011, kuma Turkiyya ce ta fara tabbatar da ita, da amincewar majalisarta. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2017 ta tattara iko a hannun shugaban ƙasa, sai Recep Tayyip Erdoğan ya fitar da ƙasar daga yarjejeniyar da umarnin shugaban ƙasa a Maris 2021, ba tare da an koma majalisa ba. Lauyoyi da ƙungiyoyin mata sun kai ƙara, babbar kotun gudanarwa ta goyi bayan shugaban a 2022.

A Hungari, Viktor Orbán ya koma mulki a 2010, ya kuma faɗa a fili a 2014 cewa ƙasa mai tsarin da ba na sassaucin ra'ayi ba yake ginawa. A 2018 gwamnatinsa ta soke amincewa da digirin nazarin jinsi a jami'o'i, abin da a al'ada hurumin malamai ne. A 2019 ta yi shelar yafe harajin albashi har abada ga matar da ta haifi 'ya'ya huɗu. Tallafin iyali abu ne mai kyau, kuma iyalai da yawa sun amfana. Sai dai an gabatar da shi a matsayin maganin shigowar baƙi, kuma a daidai lokacin majalisar ƙasar na cikin masu ƙarancin mata a duk Tarayyar Turai. A 2020 majalisar ta ƙi tabbatar da yarjejeniyar Istanbul.

Rasha ta yi nisa fiye da haka. A Fabrairu 2017 aka cire dukan iyali na farko daga jerin manyan laifuka, matuƙar bai kai ga mummunan rauni ba. Hukuncinsa ya koma tara ko tsarewar 'yan kwanaki. Cibiyoyin da ke ba matan da aka daka mafaka, wasunsu an liƙa musu tambarin "wakilan ƙasashen waje" a ƙarƙashin dokar 2012, tambarin da ke korar masu ba da taimako. A 2022 Putin ya farfaɗo da lambar yabo ta zamanin Sobiyet ga uwar 'ya'ya goma, sannan a 2024 aka haramta yaɗa ra'ayin ƙin haihuwa.

A Amurka, a Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki a duk ƙasar, ta mayar da batun hannun jihohi. Masana sun rabu a kai: wasu na ganin an mayar wa masu zaɓe ikonsu ne, wasu na ganin an ƙwace wani haƙƙi da ya shekara kusan hamsin.

Abokin gaba da aka ƙirƙira

Kowane mai son tattara iko yana buƙatar abin da zai tsoratar da jama'a da shi. Tun bayan tarukan Alƙahira na 1994 da Beijin na 1995, wasu da'irori masu ra'ayin riƙau, musamman a cikin cocin Katolika, suka fara maganar abin da suka kira aƙidar jinsi. Daga baya 'yan siyasa suka karɓe ta. Amfanin wannan tuhuma a wajensu shi ne faɗinta, domin tana ɗaukar komai: ilimin lafiyar haihuwa a makaranta, dokar hana dukan mata, kason kujeru, auren jinsi, duk a zuba su wuri guda a ce makirci ne daga waje na rusa iyali. Uban da ke da damuwa ta gaskiya a kan tarbiyyar 'ya'yansa sai ya tsinci kansa yana adawa da gidan mafaka na matan da aka raunata, alhali ba abin da ya fito yi ke nan ba.

An ga ƙarfin wannan dabara a Kolombiya a Oktoba 2016. Yarjejeniyar kawo ƙarshen yaƙin fiye da shekara hamsin da 'yan tawayen FARC ta faɗi a ƙuri'ar raba gardama da ratar da ba ta kai kashi ɗaya cikin 100 ba, kuma cikin abubuwan da masu adawa suka yi yaƙin neman zaɓe da su har da zargin cewa an cusa aƙidar jinsi a cikinta. Gwamnatoci ma sun haɗa kai a kan batun: a Oktoba 2020 Amurka da Birazil da Masar da Hungari da Indonesiya da Uganda suka jagoranci sanarwar Geneva mai cewa zubar da ciki ba haƙƙi ba ne a dokar ƙasa da ƙasa, wadda ƙasashe fiye da talatin suka sa wa hannu. A Ajantina, Javier Milei ya rufe ma'aikatar mata bayan ya hau mulki a Disamba 2023. A Koriya ta Kudu, Yoon Suk Yeol ya yi alƙawarin rushe ma'aikatar daidaiton jinsi a zaɓen 2022 don jan hankalin samari. Shi ne kuma ya ayyana dokar soja a Disamba 2024, 'yan mata suka cika titunan Seoul, aka tsige shi a Afrilu 2025.

Zagi, barazana, kisa

Akwai salon magana da ke tafiya da irin wannan mulki, na nuna ƙarfin namiji ta hanyar wulaƙanta mace. A 2014 Jair Bolsonaro, yana ɗan majalisa a Birazil, ya ce wa takwararsa Maria do Rosário ba zai yi mata fyaɗe ba domin ba ta cancanta ba. Kotu ta sa ya biya ta diyya. A 2016, ranar ƙuri'ar tsige Shugaba Dilma Rousseff, ya sadaukar da ƙuri'arsa ga wani kanar da ya shugabanci sashen azabtarwa na mulkin soja, alhali kowa ya san an azabtar da Dilma a wancan zamani. Majalisar ministocin farko da ta gaje ta babu mace ko ɗaya. A Filifin, Rodrigo Duterte ya ce wa sojoji a 2018 su harbi mata 'yan tawaye a al'aurarsu, kuma Sanata Leila de Lima da ta binciki kashe-kashen yaƙinsa da ƙwayoyi ta shafe kusan shekara bakwai a tsare kafin kotu ta wanke ta.

Wannan ya wuce rashin ladabi. Aikinsa shi ne ya sa kowace mace mai sha'awar siyasa ta yi lissafin abin da zai same ta da iyalinta. Wani bincike na Ƙungiyar Majalisun Dokokin Duniya a 2016, kan 'yan majalisa mata daga ƙasashe 39, ya gano kusan kashi 82 cikin 100 sun fuskanci cin zarafi na tunani, kashi 44 kuma an yi musu barazanar kisa ko fyaɗe ko duka ko sacewa, galibi ta kafafen sada zumunta. Wani lokaci barazanar kan tabbata: an harbe Marielle Franco, kansila a Rio de Janeiro mai sukar zaluncin 'yan sanda, ranar 14 ga Maris 2018, kuma a 2024 aka yanke wa tsofaffin 'yan sanda biyu hukunci kan kisan.

Afganistan, Iran, da tufafin mace

Babu inda aka kai Afganistan. Kafin Agusta 2021 kundin tsarin mulki ya ware wa mata kujeru 68 cikin 249 na majalisar wakilai. Da Taliban suka karɓi Kabul, bayan kusan wata guda suka rufe ma'aikatar mata, suka sa hukumar umarni da kyakkyawa da hani da mummuna a gininta. An hana 'yan mata makarantar sakandare, a Disamba 2022 aka rufe musu jami'a tare da hana su aiki a ƙungiyoyin agaji, a Agusta 2024 aka fitar da dokar da ta taƙaita har jin muryarsu a bainar jama'a, sannan a Disamba 2024 aka dakatar da koyar da su aikin jinya da unguwarzoma. Wannan na ƙarshe ya fi ban tsoro, domin a ƙasar da ake takura wa mace ganin likita namiji, hana horar da mata ma'aikatan lafiya yana nufin mutuwa a wajen haihuwa. Taliban na cewa addini ne hujjarsu, amma Shaihin Azhar, Ahmad al-Tayyib, da Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi duk sun yi tir da hana mata ilimi, kuma babu wata ƙasar Musulmi da ke yin haka.

Tarihin Iran yana koyar da wani abu game da tufafi. A 1936 Reza Shah ya haramta lulluɓi, 'yan sanda suna fizge shi daga kan mata a titi. Bayan juyin juya halin 1979 aka wajabta shi, a 1983 aka sa hukunci a doka. A Satumba 2022 Mahsa Amini, 'yar shekara 22, ta rasu a hannun 'yan sandan ɗa'a, zanga-zanga ta ɓarke da taken mace, rayuwa, 'yanci, aka kashe ɗaruruwa, aka rataye wasu. A ɗaya ɓangaren, Tunisiya ta hana hijabi a ma'aikatun gwamnati a 1981, a Turkiyya an hana 'yar majalisa Merve Kavakçı rantsuwa a 1999 saboda ɗankwalinta, Tajikistan kuma ta kafa dokar hana tufafin da ta kira baƙi a 2024. Mai tilasta cirewa da mai tilasta sakawa suna ganin juna a matsayin abokan gaba, amma duk su biyun sun mayar da kan mace allon da gwamnati ke rubuta manufarta, kuma ba a tambayi mai kan ba.

Kama-karya mai ado da mata

Wannan ɓangare ne ya fi ruɗar da mai kallo daga nesa. Ba duk mai kama-karya ne ke korar mata ba; wasu jawo su suke yi. Masana biyu, Elin Bjarnegård da Pär Zetterberg, sun nuna a 2022 yadda gwamnatocin danniya ke amfani da gyaran dokokin mata don wanke sunansu a idon masu ba da tallafi. Lissafin mai sauƙi ne. Ba wa mata kason kujeru a majalisar da jam'iyya mai mulki ta riga ta mamaye ba ya rage wa shugaba komai, amma sakin fursunonin siyasa ko barin hukumar zaɓe ta ci gashin kanta zai iya raba shi da kujerarsa.

Ruwanda ta zama ƙasa ta farko a duniya da mata suka fi maza yawa a majalisa a 2008, kuma tun 2013 suna riƙe da sama da kashi 60 cikin 100. Akwai ribar da ba a musu, kamar dokar gado ta 1999 da ta bai wa 'ya'ya mata haƙƙin gadon ƙasa bayan kisan ƙare dangi ya bar dubban zawarawa. Amma matan da suka nemi kujerar Shugaba Paul Kagame kanta sun ga wata fuskar: an tsare Victoire Ingabire daga 2010 zuwa 2018, an hana Diane Rwigara takara a 2017 aka kuma kama ta, kafin kotu ta wanke ta. A Saudiyya an ɗage haramcin tuƙi ga mata a Yuni 2018, makonni kaɗan bayan an kama Loujain al-Hathloul da wasu da suka yi shekaru suna neman a ɗage shi. Saƙon a bayyane yake: kyauta ce daga sama, kada wata ta ɗauka ita ta ƙwato. A Nikaraguwa mata na riƙe da kusan rabin majalisa, yayin da gwamnatin Daniel Ortega da Rosario Murillo ta rufe dubban ƙungiyoyin fararen hula tun 2018, har da tsofaffin ƙungiyoyin mata.

Tunisiya ta ga fuskokin duka. Bourguiba, jagoran ƙasar bayan samun 'yancin kai, ya kafa dokar iyali ta 1956 da ta faɗaɗa haƙƙin mata, magajinsa Ben Ali ya yi ta tallata ta a Turai yana ɗaure 'yan adawa, maza da mata. Bayan juyin 2011 mata suka tsaya da ƙafarsu: a Agusta 2012 suka fito suka sa aka cire wani sashe na daftarin tsarin mulki da ya siffanta mace da mai cike gurbin namiji, a 2014 suka samu kusan kashi 31 cikin 100 na kujeru, a 2017 aka kafa cikakkiyar dokar yaƙi da cin zarafinsu. Sai Kais Saied ya dakatar da majalisa a Yuli 2021. Bayan wata biyu ya naɗa Najla Bouden firaminista, mace ta farko a wannan muƙami a duniyar Larabawa, aka yi ta yabo. A 2022 ya soke dokar daidaita maza da mata a jerin 'yan takara, sabuwar majalisa ta zo da mata 25 kacal. Daga nan ne ake gane cewa yawan kujeru ma'auni ne mai rauni. Ma'aunin da ya fi shi ne ko mata na iya kafa ƙungiya ba da iznin fada ba, su soki shugaba, su kai gwamnati kotu su yi nasara.

Mata a sahun gaba

Erica Chenoweth da Zoe Marks na Jami'ar Harvard sun yi nazarin manyan yunƙurin jama'a tun daga 1945, suka gano cewa wanda mata suka shiga da yawa a sahun gaba ya fi yiwuwar cin nasara, ya kuma fi kaiwa ga dimokuraɗiyya mai ɗorewa. Dalilan a fili suke: yawan jama'a ya ninka, dabaru sun ƙaru, kuma soja yakan yi jinkirin harbin wadda ta yi kama da uwarsa. Suna ganin wannan ne ya sa masu kama-karya ke tsoron mata masu tsari.

Ranar 30 ga Afrilu 1977 iyaye mata 14 suka taru a dandalin Plaza de Mayo da ke Buenos Aires, babban birnin Ajantina, suna tambayar inda sojoji suka kai 'ya'yansu. An haramta taro, 'yan sanda suka ce su yi gaba, sai suka fara zagaya dandalin bibbiyu, suna tafiya ba su tsaya ba balle a ce sun yi taro. Daga baya suka riƙa ɗaura farin ƙyallen goyon jarirai a ka don su gane juna. An sace shugabarsu Azucena Villaflor a Disambar shekarar aka kashe ta, amma zagayen ranar Alhamis bai tsaya ba har sojoji suka sauka a 1983. A Myanmar bayan juyin mulkin Fabrairu 2021, mata suka shanya zannuwansu a kan igiya a tsallaken tituna, saboda sojoji sun yi imani cewa wucewa ƙarƙashin zanen mace na karya kwarjinin namiji. Sai motoci su tsaya a sauke zannuwan, masu zanga-zanga su samu damar tserewa. A Belarus a 2020 Shugaba Lukashenko ya bar Sviatlana Tsikhanouskaya ta yi takara bayan ya ɗaure mijinta, don ya raina ta, yana cewa tsarin mulkin ƙasar ba na mace ba ne. Abokiyar tafiyarta Maria Kalesnikava, da aka kai ta iyakar Yukren don a kore ta, ta yayyaga fasfonta ta jefar, aka yanke mata shekara 11.

Abin baƙin cikin shi ne abin da kan biyo bayan nasara. Matan Sudan sun cika zaman dirshan da ya kai ga faɗuwar Umar al-Bashir a Afrilu 2019, ana yi musu kirari da kandaka, sarauniyoyin tsohuwar Nubiya. Sun sha duka da fyaɗe ranar 3 ga Yuni da aka tarwatsa zaman. Da aka zo rabon muƙamai, biyu suka samu cikin kujeru 11 na majalisar ƙoli. An soke dokar ɗa'ar jama'a da ake yi musu bulala da ita, an haramta kaciyar mata a 2020, sai juyin mulkin Oktoba 2021, sai yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023, wanda fyaɗe ya zama makami a cikinsa.

Muhawarar da ba ta ƙare ba

Mata ba jam'iyya ɗaya ba ne. Giorgia Meloni a Italiya da Marine Le Pen a Faransa da Alice Weidel a Jamus duk sun jagoranci jam'iyyun kishin ƙasa masu tsauri, kuma 'yar majalisar dattawa Yelena Mizulina ce ta yi tsaye kan dokar Rasha ta 2017. Miliyoyin mata na zaɓen irin waɗannan jam'iyyu saboda tsadar rayuwa, ko tsaro, ko addini, kuma kuskure ne a ɗauka duk yaudararsu aka yi. Masaniyar zamantakewa Sara Farris ta yi nazarin yadda wasu jam'iyyun Turai ke tuna haƙƙin mata kawai idan za su soki Musulmi da baƙi.

Ita ma fafutukar matan tana shan suka daga cikin gida. Masu fafutuka a Afirka da Asiya da Latin Amurka sun daɗe suna cewa manyan ƙungiyoyi sun koma harkar taruka da rahotanni da kuɗin waje, sun yi nisa da manomiya da 'yar aikin gida. Kuma tun da aka yi amfani da halin da matan Afganistan ke ciki wajen kare mamayar da Amurka ta yi wa ƙasar a 2001, ya zama da sauƙi mai mulki ya kira duk mai neman haƙƙin mata karen farautar Yamma. Amsar da wasu suka bayar ita ce kafa hujja daga cikin al'ada da addininsu, kamar yadda aka yi wajen gyaran dokar iyali ta Maroko a 2004 da kuma ƙungiyar Musawah da aka ƙaddamar a Kuala Lumpur a 2009. Dimokuraɗiyya ma ba ta taɓa ba da tabbaci ita kaɗai ba: matan Faransa sai 1944 suka samu ƙuri'a, na Suwizalan sai 1971. Abin da take bayarwa shi ne fili, wato damar taro da jarida da kotu da zaɓe mai zuwa, inda wanda aka kayar yau zai iya sake gwadawa.

A fagen dokar ƙasa da ƙasa, matan Afganistan da Iran na neman a sa wariyar jinsi mai tsari cikin laifukan cin zarafin bil'adama, kamar yadda aka yi wa wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. A Yuli 2025 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama shugaban Taliban, Haibatullah Akhundzada, da alƙalin alƙalansu, Abdul Hakim Haqqani, bisa zargin gallaza wa mata. Kotun ba ta da 'yan sandan kanta, ta dogara ne ga ƙasashe su kama wanda take nema. A cikin watan ne kuma Rasha ta zama ƙasa ta farko da ta amince da gwamnatin Taliban a hukumance.